'Yata ta Fari ce Za Ta Ɗaura Mini Ɗamara

Anti Hamida, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon bayanina. Ban saba faɗin abin da ke cikina ba, in na fara ban san inda zan tsaya ba.

Ni malamar firamare ce a nan Dutse, shekaruna sun haura arba'in. Asalinmu Fulanin wajen Miga ne, duk da rabona da tatsar saniya tun ina budurwa. Bara likita ya ce hawan jini ya kama ni, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Gishirin da ƙyar na rage. Motsa jikin kuwa ƙawata Talatu ce ta ja ni wani aji na mata zalla a unguwarmu, inda ake koyar da takwando, wasan nan na naushi da shuri na mutanen Koriya. Na je ne don in sha dariya, sai ga shi abin ya shiga raina. Jinin ya sauka, har bene nake hawa ban tsaya ina haki ba.

A wasan nan ba a duba shekaru, ɗamarar da ke ƙugunki ake dubawa. Malamarmu ta farko, Malama Zulfa, da harshen manoma ta yi mana bayanin launukan. Fara iri ne a hannu, ba a shuka ba tukuna. Rawaya ƙasa ce da irin ya kama. Tsanwa ya tsiro, shuɗiya ya miƙe yana neman sama. Ja gargaɗi ce, ƙarfi ya zo, sai a koyi riƙe shi. Baƙa kuma hatsi ya nuna. In za a yi sahu masu manyan ɗamara ne a gaba, mu masu fara can baya kusa da takalma. Yarinyar da na koyar a aji uku tana gabana da tsanwarta, ko a jikina, ai gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi.

Matsalar ta fara ne da aka yi wa mijin Malama Zulfa canjin wurin aiki suka tashi. Wadda ta gaje ta 'yata ce ta fari, da ta gama jami'a a Kano ta dawo da baƙar ɗamara.

Anti, kin san al'adarmu. Ba na faɗin sunanta, ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta shi. Tun da aka yaye ta mahaifiyata Iya ta ɗauke ta zuwa Miga, a can ta tashi. Ta Iya nake ce mata, ita kuma Adda take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ba mu taɓa zama mu biyu muna hira ba. In ta shigo ɗaki sai in tuna na bar tukunya a wuta. Wallahi ba ƙi ba ne. Lokacin da taifod ya kwantar da ita a makaranta ni ma abinci gagarata ya yi, amma ƙanwata na tura ta yi jinyarta. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Iya.

Yanzu ga ni a sahun baya, ita a gaba tana ba da umarni. Dole ɗaliba ta kalli malama, in ba haka ba ƙafa ta yi gabas hannu ya yi yamma. To a nan na fara ganin fuskarta sosai. Ashe tana da 'yar wushirya irin ta marigayi Baffana, kuma tana cije leɓe in ta mai da hankali, kamar shi. Ranar da ta zo gyara mini tsayuwa ta dafa kafaɗata, na rasa kunya ce ta kama ni ko wani abu daban.

Duk wannan na daure. Abin da ya gagare ni shi ne bikin ƙarin girma da za a yi ƙarshen wata. Mai jarrabawa ta zo daga Kano, na ci, zan tashi daga fara zuwa rawaya. A ajinmu ba a sunkuya wa kowa, dafa ƙirji ake yi. Amma ƙa'ida ce a kira ki gaban jama'a, ki ɗaga hannuwa, malama ta kwance tsohuwar ɗamarar ta ɗaura miki sabuwar da hannunta, ki dube ta ki gode mata da sunanta. Ga shi Iya ta ce za ta zo ganin jikarta, har da matan gidanmu. Ni a gabansu, 'yar cikina tana ɗaura mini abu a ƙugu, ina kiran sunanta? Da wane ido zan sake shiga Miga?

Sai na daina zuwa, na ce wa Talatu gwiwa ce ke damuna. Jiya ta zo mini da maganar da ta hana ni sakat. Wai 'yar tawa ta ce in don ita na bar ajin, za ta ajiye koyarwar ta koma Kano neman aiki, a samo wata malamar, kada lafiyata ta taɓu saboda ita. Ta kuma ce wa Talatu, tana dariya amma idonta ya kawo ruwa, wai duk duniya a ɗakin nan kaɗai Adda take kallonta.

Gaba kura ce baya siyaki, Anti. In na je, na zubar da fulakon da aka san gidanmu da shi. In na ƙi, ina tsoron ta tafi da wannan maganar a ranta. Ya zan yi?

Mai Farar Ɗamara, Dutse

'Yar'uwata Mai Farar Ɗamara, sannu da ƙoƙari, kuma barka da cin jarrabawa. Ni da ko tsallen igiya ban iya ba, dole in jinjina miki.

Bari in fara da ɓangarenki. Kunyar ɗan fari ba laifi ba ce, kuma ba na cikin masu ce mata ƙauyanci. Iyayenmu sun yi ta ne don kada uwa ta nuna son kai a kan nata, don ɗa ya zama na dangi duka. Sai dai a da yarinya tana tashi a gidan da kowa ya san ma'anar shirun uwa, har ita kanta. Taki ta yi karatu cikin ƙawaye masu kiran iyayensu a waya suna zuba shagwaɓa. Ta san al'adar, amma sani daban, abin da zuciya take so daban. Ba ta nemi ki rungume ta a kasuwa ba, kallo kawai ta ambata.

Maganar suna mai sauƙi ce. Ki tura Talatu ta gaya mata cewa na gode Malama za ki ce, ki tsaya a nan. Wadda take shirin barin aikinta saboda ke ba za ta yi jayayya a kan wannan ba. Malama kuwa sunanta ne na gaskiya a ɗakin nan, da guminta ta same shi.

Iya kuma kada ki yanke mata hukunci tun ba ki ji ta bakinta ba. Ki je Miga kafin ranar, ki zauna da ita ki faɗa mata yadda ake yi. Tsohuwar da za ta hau mota don ganin jikarta tana shuri, ina zaton ba ta kai tsaurin da kike tsammani ba. In ta yi miki tsiya ki bar ta ta yi, tsiyar uwa ba ta kisa. Masu surutu a dangi kuwa, kafin kasuwa ta sake ci sun sami wani zancen.

Ƙaryar gwiwar nan ki ajiye ta, ki koma aji tun wannan makon, hawan jini bai san fulako ba. In kin lura ma, Malama Zulfa ta riga ta ba ki amsa. Shekara ashirin da ɗoriya kina riƙe da son yarinyar nan a dunƙule a hannu, irin da aka ƙi kai wa gona kuwa ƙwari ne ke cinye shi a rumbu. Rawaya ba ta nufin an ƙware, tana nufin an fara. Ba wanda ya ce daga ranar sai kun koma ƙawaye, ai ba a tambayar mai rawaya shurin mai baƙa.

Ranar bikin, in an kira ki, ki fita. Ki ɗaga hannuwanki, kada ki kalli rufin ɗaki, kada ki kalli Iya. Kafin a ɗauke ta zuwa Miga, ke kika riƙa ɗaura ta a bayanki da majanyi, kina ƙara jan ƙullin don kada ta zame. Ita ba ta tuna wannan ba, ke kaɗai kike tunawa. Ki tsaya cak ta ɗaura miki nata, ki bar ta ta ga kina kallonta.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa albarka a tsakaninku, ya nuna mana ranar da za ta ɗaura miki tsanwa.

Anti Hamida