Sunan Tsawa A Bakin Dokta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya yara? Ya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Ni lafiya lau, sai zafin dutsen guga da ba ya sabuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan teburin guga nake yin sa kafin Maigida ya dawo, kuma kin san inda karatuna ya tsaya.

Mijinki ya zo, na kuma karɓe shi hannu biyu yadda kika ce. Ranar da ya shigo shagon da muke buga wasan kwamfuta da jakarsa da takalminsa mai sheƙi, samarin suka ɗauka daga hukuma yake, wasu har sun fara zare abin kunne na jin sauti suna leƙen ƙofa. Sai da na miƙe na ce mijin yayata ne, Dokta ne a jami'a, amma ba na allura ba, na tunanin mutane. Ya yi bayani cewa yana bincike ne a kan masu wasan intanet da lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Tambayoyin ba su da wuya: ko kana samun barci, ko kana jin kaɗaici, ko ranka yana ɓaci ba dalili. Mai shagon ya ce ta ƙarshen nan matarsa ya kamata a tambaya, ita ce ke da cikakken bayani.

Yaya, ba za ki yarda ba, har wasan ya buga da mu. Ya sa wa kansa suna Baƙo, ya yi ta mutuwa tun ba a je ko'ina ba, mu kuma muna jan sa kamar buhu. Amma yana da lura. Shi da kansa ya ce ya gane cewa a cikin wasan nan sunan da mutum ya zaɓa wa kansa ya fi na yanka nauyi. Na ji daɗin maganar, don ba kowane babba ke gane haka ba.

Bayan tambayoyin ya ce yana son doguwar hira da mutum ɗaya, kuma Tsawa yake so. Tsawa shi ne kyaftin ɗin tawagarmu a wasan. Duk mai buga wasan nan ya san sunan, har a garuruwan da ban taɓa takawa ba. In ya ce a yi hagu, ba mai tambayar dalili. Ba ya zuwa shago, daga ɗakinsa yake bugawa, kuma ni kaɗai nake shiga ɗakin, don ni ke kai musu wanki. Akwai abin da ke damunsa, amma ba nawa ba ne, ba zan rubuta ba. Da farko ya ƙi. Na yi ta lallaɓa shi, na ce wataƙila in ya fitar da abin ya ji sauƙi, kuma Dokta ya yi alkawari a gabana cewa ba wanda zai san shi ne. Ranar hirar ina zaune a bakin gado, Dokta ya ɗora na'urar ɗaukar murya a kan kwandon wanki. Tsawa ya yi maganar da ban taɓa jin ya yi ba.

Ki gaida yara, ki ce wa ƙaramar har yanzu kawunta bai manta da takalmin ba.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara, kuma zazzaɓin babbar ya sauka. Ban kira ki ba ne don in na buɗe baki zan faɗi abin da bai kamata ƙani ya faɗa wa yayarsa ba. Takarda tana ba ni damar tsayawa in yi numfashi.

Na san kin ga bidiyon da aka yi hira da Dokta a kan bincikensa, don na ga kin sa shi a wayarki kin rubuta masa addu'a. Ban sani ba ko kin kalla har ƙarshe. A wajen ƙarshe ne ya ɗaga takarda ya karanta maganar Tsawa, kalma bayan kalma. Ya ce ba zai faɗi sunan mutumin ba, sai dai a cikin wasa ana kiransa Tsawa. Ya yi ɗan murmushi da ya faɗa, mai tambayar ma ta yaba sunan.

Tunda yanzu duniya ta ji, bari in faɗa miki da bakina. Tsawa direban bas ne a da. Ya yi hatsari, wata fasinja ta rasu a kujerar bayansa. An ce ba laifinsa ba ne, amma tun ranar bai sake riƙe sitiyari ba. In ya ji an danna hon a titi, jikinsa ya ɗauki rawa, wani lokaci ya shige bayan ƙofa ya yi ta kuka. Ko tsakar gida ba ya fita sai dole. Wuri ɗaya ya rage masa da yake ɗaga murya ana saurara, shi ne cikin wasan nan.

Kafin in gama gugar rana an yanko wajen an watsa a zaurenmu na waya, daga nan ya bazu sauran zauruka. Da yamma muka shiga wasa da wata tawaga da ta daɗe tana shan kashi a hannunmu. Tsawa ya fara ba da umarni kamar kullum, na ce a raina ashe bai gani ba. Sai wani daga cikinsu ya kunna ƙarar hon a abin maganarsa. Wani ya ƙara. Suka yi ta yi suna dariya. Ina jin numfashin Tsawa a kunnena yana sama-sama. Sojansa na cikin wasan ya tsaya cik a tsakiyar fili har aka harbe shi. Washegari na duba, babu sunansa. Ya goge komai, da duk abin da ya tara shekara da shekaru.

Na kai wanki, mahaifiyarsa ta karɓa a bakin ƙofa. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai ce ya ce kada kowa ya shigo, kuma abincin jiya yana nan yadda ta ajiye.

Akwai ƙari. A ƙarshen bidiyon Dokta ya gode mini da sunana na wasa, ya ce ni na buɗe masa ƙofa. Yanzu in na shiga shago sai hira ta mutu. Mai shagon da ke tsokanata kullum sai ya miƙo min abin kunne yana kallon bango.

Na yi ta kiran Dokta bai ɗauka ba. Don Allah, Yaya, ki sa shi ya sa a sauke bidiyon, ya zo ya tsaya a ƙofar mutumin nan ya ce ya yi kuskure. Ba ni nake nema wa ba.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da kika ce babbar ta warke har ta koma makaranta. Allah ya ƙara lafiya. Saƙonki ya iso, na karanta shi a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin ce in yi haƙuri, ba da niyya ya yi ba, kuma aikin nan ne ake sa ran zai kawo masa ƙarin girma.

Na nemi izinin Maigida na je ofishinsa. Na zauna a benci a waje, ɗalibai suna shiga suna fita, har mai shara ya ce in ɗaga ƙafa. Da ya kira ni ya karɓe ni da fara'a, ya buɗe min lemo mai sanyi. Ya ce bai karya doka ba, dokar bincike sunan gaskiya ta ce a ɓoye, kuma ya ɓoye. Na tuna masa abin da shi da kansa ya faɗa a shago a kan nauyin suna. Bai musa ba. Ya ɗan juya biro a hannunsa, ya ce in aka cire sunan labarin ba zai taɓa zuciyar mutane ba, kuma mutane da yawa za su amfana. Bidiyon kuma ya ce ba a hannunsa yake ba. Zuwa gidan Tsawa ya ce bai dace da mai bincike ba, sai dai ya rubuta min sunan wani asibiti in kai musu.

Da ya ga ban taɓa lemon ba, sai ya ce to ai ke, Yaya, ke ce kika saurari hirar Tsawa kika buga ta a kwamfuta. Ya ce har kin tambaye shi ko a canza sunan, ya ce a bari, kika bari. Yaya, ban ɗauki wannan da sauƙi ba. Shi baƙo ne, ya zo ya ɗebi abin da yake so ya tafi. Ke kuwa kin ji muryar mutumin nan a kunnenki tana karyewa, kin ji tawa a gefe ina ce masa ya ci gaba, ba komai. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya, shi ya sa kika tambaya. A saƙonki kuma ba ki faɗa min ba.

Jiya mahaifiyar Tsawa ta aiko in zo. Na tarar an ɗaure kayansa, kawunsa zai tafi da shi can wajensa, inda babu titi kusa. An bar ni na shiga. Ya rame, wayarsa tana kife a ƙasa. Na fara ba shi labarin yadda muka yi da Dokta, sai ya ɗaga min hannu. Ya ce shi Dokta bai yi masa komai ba, don tun ranar farko bai yarda da shi ba, mutumin da ke kallon na'urarsa in kana kuka. Ya ce duk maganar da ya yi ranar, ni yake kallo. Bai ɗaga murya ba. Ya roƙe ni kada in nemi lambarsa a wajen mahaifiyarsa, na ce to.

Ni na ɗauki jakarsa zuwa mota. Na roƙi direban kada ya danna hon har su fita unguwa, ya dube ni kamar na zare, amma ya yi yadda na ce. Tsawa ya zauna a baya, ya rufe kansa da riga. Bai waiwayo ba.

Kin san ban taɓa riƙe ki a rai ba, kuma ke kaɗai kika rage min. Zan zo ganin yara in na iya. Amma a kan wannan kada ki sake ce min in yi haƙuri, Yaya. Ba ni ke da ikon yafewa ba, kuma mai ikon ya tafi.

Ƙaninki,
Auta