Aron Murya

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Dogo. Inna da sauƙi, sai dai idon nan ya ƙara dushewa, yanzu da murya take gane mai shigowa.

Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina. Daraktan fim ɗin soyayyar da Dogo ya yi kafin rasuwarsa ya same ni har shago. Ashe an gama ɗaukar komai, amma fitowar ƙarshe ta lalace, inda yake tsaye cikin ruwan sama yana roƙon matarsa ta fim kada ta tafi. Ruwan ma ba na sama ba ne, Yaya. Tankar ruwa suka kawo, wani ya hau katanga da tiyo, ƙarar injin kuwa ta cinye duk abin da Dogo ya faɗa. In haka ta faru, jarumi kan dawo ya sake maganar a ɗakin ɗaukar murya. Shi bai samu dawowa ba.

Daraktan ya ce ranar da ya zo gaisuwa ya ji ina amsawa, sai da gabansa ya faɗi, don muryarmu ɗaya ce. Yana so in ara wa Dogo tawa. Ni da in mutum uku suka taru harshena ke sarƙewa! Amma in ba a gyara wurin ba fim ba zai fito ba, Inna kuwa kullum tambayarta yaushe za ta sake jin ɗanta.

Ki ba ni shawara.

Ƙaninki, Auta.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramar taki? Saƙonki ya iso, kuma na je.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, ba taga. Suka sa mini abin ji a kunne, suka kunna fuskar Dogo a gabana, bakinsa na motsi babu sauti. Aikina in bi leɓensa, in ja numfashi inda ya ja. Mai haɗa sauti ya yi ta tsayar da ni, wai ina da gaggawa, shi Dogo yakan ɗan dakata kafin ya roƙi abu. Ɗaki ɗaya muka tashi da shi, amma sai ranar na lura da haka.

An ce jarumar man zafi take shafawa a ƙasan ido kafin hawaye su zo. Ni ban nemi komai ba. Na yi ta cewa kada ki tafi, amma a raina fuskar ɗan'uwana nake roƙo, har muryata ta karye. Wannan ɗin suka ɗauka. Daraktan har da tafi, ni kuwa ji na yi kamar in shaƙe shi.

Ki gaida mutan gidan.

Auta.

Zuwa ga Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma mun gode Allah.

Fim ya fito, na kunna wa Inna. Ta jawo kujera, ta kai kunnenta dab da talabijin. Da aka zo wurin ruwan sai ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Da aka gama ta janye kunnenta daga talabijin. Can ta ce duk fim ɗin wasa yake yi, nan kaɗai ya yi magana da muryarsa ta gida. Yanzu kowace safiya wurin take cewa in mayar mata, sauran ba ta ko so.

Kin ce in gaya mata gaskiya. Na zauna kusa da ita da niyyar haka ya fi a ƙirga, na kasa. Abin da ya rage mata ke nan, Yaya, ba ni zan ƙwace ba. Tsorona ɗaya, kada wata rana ta gane da kanta. Shi ya sa in na shiga gaishe ta nake ƙasa da murya, in taƙaita, in fito. Jiya ta riƙe hannuna ta tambaye ni laifin me ta yi mini da na daina yi mata hira.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki, Auta.