Gilashin Kunkurun Baba

Kilomita Biyar, Bangi
Watan Azumi, 1997

Zuwa ga yayata 'Yargoggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Sha'aibu da yara baki ɗaya. Yaya ibada, yaya mutanen Garwa? Allah Ya karɓa mana, Ya sa muna cikin 'yantattun bayinSa. Mu nan muna raye, iyakar abin da zan iya ce miki ke nan. Tun da sojoji suka sake yin bore garin ya rabu, kowane ɓangare da shingensa. Kasuwa takan ci da safe, da an ji harbi kowa ya ja ƙofarsa. Inna tana nan da ciwon ƙafarta. Ulfa, matar ƙanenmu Sabi'u, cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Sojoji sun tafi da Sabi'u. Yana da rai, na gan shi da idona, amma yana tsare, kuma abin da ya jawo masa, in na faɗa miki sai ki ce na zautu. Kunkurun Baba ne.

Kin tuna shi ai, ƙarfen nan mai nauyi, gajere kamar an kife ƙwarya, wanda Baba yake zama a kai ya yi alwala a bakin rijiya. Ke kin fi ni sanin asalinsa, tunda da wayonki ya shigo gida. Fitila ce irin ta zamanin Turawa, wadda ake dasawa a gefen shataletale da 'yan tsibiran tsakiyar titi don direba ya gani kada ya hau. Baba yakan ce da gangan aka yi ta gajera, ko babbar mota ta taka ta ba abin da zai same ta. Da aka faɗaɗa titi aka tumɓuke su, shi kuma yana cikin leburorin, sai ya roƙi ɗaya ya ɗauko a ka. Mu muka sa mata suna Kunkuru saboda 'yan tagoginta da wayar da ta fito ta ƙarƙashi kamar wutsiya.

To, sojoji sun shigo unguwa suna bi gida gida neman makamai. Suka birkice ɗakuna, suka zazzage buhunan Sabi'u, ba su sami ko allura ba. Har sun juya za su fita, wani ƙaramin soja ya hango Kunkuru, ya kurma ihu ya ce nakiya. Kin san Sabi'u da son gyara. Da Sallar bara ya yi wa ƙofa fenti, ya ga saura a gwangwani, ya ce kujerar Baba ma ta ci Sallah. Kore ne fentin, Yaya, kore shar irin na motar soja! Ga ƙarfe a kife, ga waya, ga kore. Nan take suka kore mu waje, suka ɗaure shi a gaban Inna da matarsa. Yana yi musu bayani da Sango, yaren da ya fi Hausa zama a bakinsa, ko sauraronsa ba su yi ba.

Na bi sawu har inda suke tsare da shi, na yi ta jeka-ka-dawo kafin na ga babbansu. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ya saurare ni. Na ce masa mahaifinmu ya shekara fiye da ashirin yana zama a kan abin nan, mu ma mun hau shi mun yi tsalle, bai taɓa ko tari ba. Ya ce tsofaffin su suka fi tashi ba shiri, kuma shi ya binne yaransa da irin wannan ta kashe. Na ce fitila ce. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin fitila marar gilashi ba, in kawo masa abin da zai nuna wuta aka yi ta domin ta. Ga shi kuwa tagogin Kunkuru ramuka ne kawai yanzu.

Babu inda ban buga ba. Baba Idrisu, wanda suka yi aikin titi tare da Baba, ya ƙetare kogi da iyalinsa tun farkon rikicin. Ofishin masu titi a garƙame yake. Na ce to bari in nemo wata irinta da ta rage a gari in nuna musu. Na yi ta maza na tsallake shinge da azumi a bakina, na je tsohon shataletalen da Baba yake nuna mana in za mu asibiti. Abin da na tarar shi ne zagayen tsatsa a kan siminti da ƙusoshi a tsaye. Masu tsintar ƙarfe sun riga ni. Na durƙusa a tsakiyar titi na yi kuka kamar yarinya, har wata mai sayar da rogo ta zo ta ɗaga ni.

A hanyar dawowa ne Allah Ya tuna min da ke. Gilasan tagogin duk mu muka farfasa da wasa, saura ɗaya, mai kauri, ruwan zuma, mai layi-layi a ciki. Wanda muke karawa a ido mu ga duk unguwarmu ta Kokoro ta koma rawaya. Kin tuna yadda muka yi dambe a kansa har na cije ki, ranar da za a kai ki ɗaki kuma kika soke shi a ƙasan akwati kika yi min gwalo ta cikin mayafi? Na daɗe ina jin haushinki, yau kuwa addu'a nake Allah Ya sa halinki na ɓoye-ɓoye bai canza ba. Ke da ko murfin kwalba ba kya yarwa, ban yarda kin rabu da shi ba. In aka sa gilashin nan a tagar Kunkuru zai zauna daram, don gurbinsa ne. Sai in haska tocila ta ƙasa, babbansu ya ga hasken da idonsa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne lokaci. Sun jefa Kunkuru a rami sun kewaye da buhunan yashi, suna jiran masu fasa nakiya. In suka tarwatsa shi, shi ke nan, babu sauran abin da za a gwada gilashin a kai, sunan Sabi'u kuma ya zama mai ɓoye nakiya har abada. Kin san inda ake kai irinsu a wannan marrar, kuma ba kowa ke dawowa ba. Na kama ƙafar babban sojan, ya ce zai jinkirta zuwa bayan Sallah, daga nan kuma ba ruwansa.

Alhasan direba, wanda zai miƙa miki takardar nan, mutumin kirki ne, yana sauke kaya zai juyo. Don girman Allah kada ki ce sai Malam ya dawo daga tafiya, kada ki ce sai kin haɗa mana tsaraba. Ba ma son komai. Ki naɗe gilashin a tsumma, ki tura shi cikin gwangwanin madara, ki danƙa a hannunsa shi kansa.

Inna tana gaishe ki. Ta daina tambayata, sai dai kullum in ganta zaune a bakin rijiya tana kallon zagayen da Kunkuru ya bari a ƙasa. Ulfa tana gaisuwa, ta ce ki sa ta a addu'ar buɗa-baki. Ki gaishe min da Malam Sha'aibu, da Zulaihat, da takwarata, da Goggo Tasalla in tana nan.

Yaya, in ma ya fashe, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki tattara ɓarɓashin ki aiko, ni zan zauna in jera su ɗaya bayan ɗaya.

Wassalam. Taki ƙanwa mai jiran Alhasan,
Rahamatu