Baba, Na Ga Abin da Yake Ci

Zuwa ga mahaifina, Malam Sa'idu direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Na rubuta duk da haka, na kuma bar ta a fili, domin akwai gidajen da yanzu suke cikin halin da muka taɓa shiga.

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, kai ne kake jigilar kabad-kabad da takardun ma'aikatarku a babbar mota. Mu ne sawunka na ƙarshe, ni da Inna da katifu biyu. Ina 'yar shekara tara. Muka sauka a Dutse Alhaji, a gidan Baba Yohanna, mutumin Gbagyi, wanda shi ma direba ne a wajen aikinku. Matarsa ce ta fara kawo mana doya kafin mu san hanyar kasuwa.

A shekara ta uku, wata ranar Laraba, ka tsaya a Jabi za ka saya mana lemo, sai hanyar gida ta ɓace maka. Kai da ka san kowace kwana tsakanin Legas da Lokoja! Baba Yohanna ne ya tsince ka zaune a benci a tasha, da ledar lemo a cinyarka.

Daga nan sai ciwon kai da safe, sai amai, sai ka riƙa kirana da sunan ƙanwarka da ta rasu tun kafin a haife ni. Aka kai ka wani gari mai nisa aka ɗauki hoton kanka, likita ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Inna ta sha ba ni labarin tambayar da ka yi masa: "Likita, shi wannan abin me yake ci da yake girma haka?" Ya yi shiru, can ya ce sai Allah.

Kawu Habu shi bai yi shiru ba. Ya ce sammu ne, tunda muƙamin babban direba da kake jira Baba Yohanna aka ba. Da ka rasu, Baba Yohanna bai ko samu fuskar raka ka maƙabarta ba. Bayan sadakar bakwai muka kwashe kaya daga gidansa ba sallama.

Baba, yau shekara shida ke nan ina aiki a wani ɗakin bincike a nan Abuja, kuma ciwonka muke bincika. Idan aka yi wa mara lafiya tiyata, da yardarsa, ana kawo mana ɗan yanki na ƙarin, bai kai ƙwayar wake ba. Mu raine shi a ɗan faranti, mu duba shi da madubin ƙara girma.

Ranar da na fara ganinsa da idona, sai da na riƙe gefen tebur. Na zaci zan ga wani mummunan abu. Sai na ga ƙwayoyin halitta ƙanana, masu sheƙi kamar raɓa, suna miƙa 'yan hannuwa suna rarrafe. Subhanallah. Jikin mutum ne, ba baƙo ba.

Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutaccen umarni da haruffa huɗu kacal, amma tsawonsa ya fi ƙarfin duk takardun da ka taɓa ɗaukowa daga Legas. A cikinsa akwai sashen da ke cewa ƙwaya ta rabu gida biyu, akwai mai cewa ta tsaya. Da yarenka, akwai totur akwai birki. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafi rubutun gaba ɗaya. Wani lokaci kuskure ya shiga, wani ya biyo baya, har totur ya maƙale, birki ya tsinke.

Abin da yake ci kuwa, abincinka ne, Baba. Ƙarin yakan aika saƙo, jiki ya shimfiɗa masa sababbin jijiyoyin jini, su kai masa sukari da iska har inda yake. Tuwon da Inna ke lallaɓa ka ka ci, tare kuke ci da shi.

Amma abin da ya fi girgiza ni ba ɓarnar ba ce. Gyaran ne. Akwai masu bin rubutun nan suna gyara kuskure ba hutu, a jikina, a jikin kowa, tun muna ciki. Yanzu ba na mamakin yadda ka kamu. Mamakina yadda sauranmu muke wayar gari lafiya, ba mu ma san an tsare mu ba.

Ba mu kai ga magani ba tukuna. Abin da ya fara tsinka naka birkin ma ban sani ba, don ba a ajiye komai daga jikinka ba. Amma na ga ƙwayoyin nan suna ninkuwa a faranti, babu hannun kowa a kai.

Na zauna na yi wa Inna bayani da biro da takarda. Da na gama, ta ce in ɗauko mata mayafinta, gidan Baba Yohanna za mu.

Baba Yohanna ya tsufa, idonsa ɗaya ya tafi, matarsa ta rasu ba mu sani ba. Inna ta durƙusa za ta fara magana, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Da Hausarsa irin ta da ya ce, "Maman Bilki, ya isa. Ni kabarin abokina kawai nake so a nuna mini. Shekara talatin ina jin kunyar tambaya."

Jiya muka kai shi. Ya cire hularsa, ya yi addu'arsa, muka yi tamu.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinka. Ya yafe mana zargin da muka ɗora wa bawanSa. Ya ba masu jinya sauƙi, mu kuma Ya buɗa mana abin da Ya ga dama daga iliminSa.

'Yarka mai kewarka,
Bilkisu