Mitar Da Kika Koya Wa Mamanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za a samu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magani. An sauya wa yayanki wurin aiki, gwaggonki kuma ta warke har ta koma surutunta. Maƙwabcinmu mai kemis ne yake rubuta min wannan, na kuma ce masa kada ya miƙe min magana ko da ya ga ta karkace.

Na aiko takarda ne domin a waya ba na samunki. Minti biyu ne rabona: ya jiki, na sha magani, in miƙa wa Mama. Daga nan sai ku share awa guda kuna ƙyaƙyatawa, ni ina zaune ina kallon bango. Na san za ta zo wurinki wata uku saboda haihuwar, na san kuma mutanen can Faransanci suke yi. Ban hana ba. Amma a ce mutum ya tashi koyon yare, ya tsallake gaisuwa da tambayar hanya, ya fara da mita? Ta ce ita ta roƙe ki ki koya mata, wai gaisuwa ko da hannu a yi ta, amma in mota ta wuce ta bar ta, ba za ta iya haɗiye haushi ba.

To ga abin da kuka jawo. Shekara arba'in da ɗaya mamanki tana mita, ni kuma da mitar nake aiki. In ta ce ƙofar nan ta ishe ta, kullum sai ta sa ƙafa, na san ƙusa ce ta saki, kafin ta rufe baki na ɗauko guduma. In ta ce durowa ta cije, in goga mata kyandir. Tun da gwiwa ta raba ni da shago, sana'ar da ta rage min ke nan. Yanzu sai in ji daga kicin an ce "zut", sai 'yar dariya, sai shiru. In tambaya me ya faru, ta ce ba komai, ai ta riga ta faɗa. Ta faɗa wa wa? Shekaranjiya na gano kujerarta ta girki kwana huɗu ƙafarta tana rawa, "o la la" kawai aka yi mata aka wuce. Da ta faɗi fa?

Da na yi faɗa a kan haka, sai ta dube ni ta ce "sa sufi". Mai kemis ya duba a wayarsa, ya ce wai ya isa haka. Ni da ban taɓa zama a aji ba, amma na yi shekara shida ina goya ki a keke zuwa makaranta, ruwa da rana, yau ilimin ya dawo gidana ana rufe min baki da shi. Kuma na ji lokacin da take ba ki labari, na ji dariyarki, kada ki musa.

Ba cewa nake a kai ni ba, jirgi bai taɓa burge ni ba. Kada kuma ki ce na tsufa da koyo, awon ƙofofin unguwar nan duk a kaina yake, ban rubuta ko ɗaya ba. Ki turo min kalmomin nan a wayata, tawa, da muryarki, a hankali, kowace da irin abin da ake faɗa mata, don in san wadda zan tashi da wadda zan zauna. Kada ki gaya wa mamanki. Ki haɗa min da guda ɗaya wadda mutum zai faɗa in ya wayi gari wata uku ba wanda ya ce masa wani abu ya lalace. In babu ita a yarensu, ki ce babu, kada ki ƙirƙiro min.

Ki gaida maigidanki, da babban ɗanki, da ƙanwarsa mai giɓi. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinki,
Kafinta