Ba Zan Koma Yankan Kifi Ba

Hirtshals, watan Afrilu

Zuwa ga Yayana Flemming,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Solvej da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, ya raba ku da sanyin Kanada lafiya. Mu nan lafiya lau. Kawu Ejnar ya fito daga asibiti, har ya koma rigima da maƙwabcinsa a kan shinge, ka ga ya warke ke nan.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Abokinka Preben, mai kula da ma'aikata a kamfanin kifi, ya tare ni a shagon burodi, yana wani murmushi, wai ka buga masa waya ka roƙe shi ya ajiye mini gurbina a teburin yanka. Wai ka ce tunda na faɗi jarrabawar kimiyyar sinadarai, maganar shiga makarantar nas ta mutu, kuma kan mai shekara hamsin ba ya ɗaukar lissafi. Haba Yaya! A gaban mutane fa ya faɗa, ina riƙe da burodi kamar wata marainiya. Ni da na yi jinyar Mama har ta cika, kana can bayan teku kana aiko da katin Kirsimeti, ni ce ba zan iya aikin jinya ba?

E, na faɗi. Na zaɓi takardar tambaya, na tsaya gaban allo, na haɗa giram da giram kai tsaye, baƙon malamin da ke ba da maki ya cire tabarau ya rubuta na faɗi. Amma yanzu na gane inda na kauce. Malamarmu Vibeke ta ce sinadarai ba da nauyi suke haɗuwa ba, da ƙidaya suke haɗuwa, ƙwaya da ƙwaya. Tunda ƙwayoyin sun fi ƙarfin ido, sai a tara su tuli guda mai adadi sananne, a kira shi mol. Na ce mata ashe aikinmu ne, ai ba wanda ke ƙirga kifi ɗai-ɗai, akwati ake aunawa a san adadin. Ta ce to, sai dai in tuna akwatin manyan kifi da na ƙanana ba nauyinsu ɗaya ba ko da adadinsu ɗaya ne.

Makon jiya a aji na ƙona zaren ƙarfen magniziyam da hannuna. Kafin in kunna wuta na lissafa cewa mol biyu nasa ke cin mol ɗaya na iskar oksijin, don haka tokar za ta fi ƙarfen nauyi, giram arba'in daga ashirin da huɗu. Namu ɗan guntu ne, amma da na ɗora a sikeli, lissafina ya kusa fita cif. Wallahi sai da na yi ihu, yaran ajin, sa'o'in ɗiyata Trine, suka yi ta dariya suna cewa Kaka ta ci ƙwallo. Yanzu ina bambanta haɗuwar sinadarai da rabuwarsu da musanyarsu ba tare da na leƙa littafi ba. Asid da kishiyarsa ne ke ɗan wahalar da ni, su ma za su san da wa suke yi.

Saboda haka ka sake buga wa Preben ka ce ya ba wani gurbin. Zan sake zama jarrabawa a watan Yuni, in na faɗi in sake, in na kuma faɗi in kuma sake.

Ka gaishe mini da Solvej da Mikkel da ƙaramar Asta. Trine da Kawu Ejnar suna gaishe ku. Na riga na sayi farar hular da ake ɗora wa wanda ya gama, kuma ka san ɗan'uwa na jini ke ɗora ta a bakin ƙofar ɗakin jarrabawa. Mama ba ta nan, Baba ba ya nan, a gidanmu kai kaɗai ka rage mini. In ka zo, kai za ka sa mini. In ba ka zo ba, ina da hannu.

Ƙanwarka,
Bodil