Yadda Zalika Ta Raba Ni da Sigari

Zuwa ga ɗana Isufu, a Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara tsarewa. Mu nan Gaya lafiya lau. Gadar kan iyaka dai tana rufe tun bayan hawan sojoji mulki, ni kuwa tsohon ɗan kamasho ina tasha ina korar ƙuda. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Isufu, nemi wuri ka zauna. Yau kwana sha tara rabona da sigari. Ni, Bawa! Shekara talatin innarku tana faɗa, likita ya ce tansiyo, hawan jinin nan, zai kayar da ni, liman ya yi wa'azi yana kallona, ko gezau. Ƙanwarka Zalika ce ta yi mini wannan aika-aika. Daga gidan likitan da take aiki aka tura su Dosso formasiyo, wai su koyi magana da marasa lafiya ba tsawa, har mutum ya ɗauki niyyar gyara da kansa. Da ta dawo ta durƙusa, ta ce ɗiya ba ta yi wa uba nasiha, aron kaina kawai take roƙo ta gwada karatunta. Na ce bismilla, ina dariya, ga hayaƙi na tashi.

Ta fara da tambayar abin da nake so a sigari. Ba wanda ya taɓa tambayata haka, na yi ta zuba yabo. Sannan ta ce daga sifili zuwa goma, nawa ce niyyata ta bari. Na ce huɗu, makin da ko a jarrabawar lakkwal ban taɓa samu ba. Na gyara zama ina jira ta ce me ya hana goma, mu kafa gardama. Sai ta ce me ya sa ban ce sifili ba. Wallahi sai na ji bakina yana jerowa: tarin da ke hana ni jan salla, wana Labo da jikinsa ya shanye sai an juya shi, cikin matarka da nake so in ga sunansa. Ita kuwa maganata kawai take mayar mini. Gaskiyar Hausawa, baki shi ke yanka wuya. Da hannuna na miƙa mata kwalin, idona ya cika.

Innarku ta yi kwana biyu ba ta kula ni, wai ta yi asarar yawun shekara talatin. Kai kuma na san kana sha a ɓoye, kuma Zalika ta karɓi lambarka. In ta kira cikin ladabi, ka sani taka ta ƙare.

Gai da Madina, Allah ya sauke ta lafiya. Innarku da Labo suna gaishe ka.

Mahaifinka mai taunar asuwaki dare da rana,
Bawa.